Rasuwar Malam Maiwada da Allon da Ya Bari

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah, Ƙungiyar Masu Nazarin Tsoffin Rubuce-rubuce ta Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi ke sanar da al'umma rasuwar ubanta kuma shugabanta, Malam Maiwada Zubairu Ɗan Isa, tsohon hedimasta a Sakajiki, wanda ni mai wannan rubutu na taras ranar Talata da safe, bayan ruwa ya ɗauke, zaune a zaurensa ya jingina da bango, allo bisa cinyarsa, rai ya yi halinsa. Jikinsa ya yi sanyi, amma tawadar da ke kan allon ba ta bushe ba.

Marigayi ya shekara talatin da ɗaya yana koyar da 'ya'yan manoma da na makiyaya, bayan ya ajiye aiki kuma ya duƙufa kan rubutun Maya, wasu mutane da suka gina birane can nahiyar Amurka, suka bar rubutu a jikin duwatsu wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ba mai iya karanta shi. Shi ya fahimtar da mu yadda masana suka daɗe suna ɗauka zane ne kawai, kafin su gane wata alamar kalma ce sukutum, wata kuwa gaɓa ce. Ni da na tsaya a aji shida, bai taɓa ƙosawa da tambayata ba.

A allo yake kwafar alamomin, don a nan hannunsa ya saba, kuma daga nan aka samu kuskure, mutane suka ɗauka hatimi ne, har wasu na zuwa neman a wanke musu su sha, yana sallamarsu da dariya. Yanzu ga shi magana ta koma cewa tsafi ne, har labari ya iso mu cewa iyali sun yanke shawarar ƙona alluna arba'in da littattafansa bayan addu'ar bakwai.

Ba za mu ɓoye abin da ke kan allon ƙarshe ba. Alama biyu ce da ya koya mana, ma'anarsu "ya shiga hanya", haka Maya ke rubutawa idan sarkinsu ya mutu, sai suna ya biyo baya. Gurbin sunan babu komai. Masu cewa duk wanda aka sa sunansa a wurin zai bi shi, su ji tsoron Allah, ajali ba ya hannun allo. Abu ɗaya ne dai na kasa ganewa: alƙalaminsa na cikin kwando can ƙuryar zaure, a wanke, a bushe. Allah ne masani.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa Hajiya Asibi, da ƙanensa Alhaji Haidar Zubairu, da 'ya'ya da jikoki, Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya ba su juriyar wannan rashi. Muna kuma roƙon Baba Alhaji Haidar, don girman Allah, ya dakatar da wutar, domin marigayi da bakinsa ya gaya mana littattafan Maya ƙona su aka yi saboda irin wannan zargi, huɗu kacal suka tsira. In gidan ba zai iya kwana da allunan ba, a ba mu, ni zan ɗauka, har da na ƙarshen.

Abin da na faɗa ba ni kaɗai na gani ba. 'Yarsa Malama Nusaiba tana tsaye, haka ma Liman Mahmuda na Ɗan Isa, wanda ya taɓa tawadar, ta kama yatsansa.

Sa hannu:
Sirajo Khalil Katuru
Kakakin Ƙungiya