Silindata da Kuka Mayar Wurin Tofa Goro

Zuwa ga Alhaji Manaja,
Garejin gyaran injinan noma da ke bakin hanyar Faskari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, sunana Iro Maizarto, mutumin Mabai ta ƙasar Kankara. Sana'ata yankan itace da injin zarto. Sau huɗu ina zuwa ofishinka, kullum sai a ce ka tafi Kaduna, shi ya sa na rubuto a fili kowa ya gani. Ka yi haƙuri da abin da za ka karanta, ni ma haƙurin nake yi.

Na ɗaya. Injina tsoho ne, ban musa ba. Hannun wani mai yankan katako na saye shi a dajin Sabuwa tun ana kashe fam da sule, kuma da shi na ci da iyalina har yau. Bayan kaka, mutanen unguwarmu suka yi gayya suka ta da ginin masallaci. Limaminmu, Malam Barau, da tsufanshi ya shiga kwaɓa ƙasa. Ni kuma na tashi gaban jama'a na ce azarar rufi a wuyana take, zan kayar da giginya a Sabuwa in yanka, a rufe kafin ruwa ya sauka. Giginya biyu na kayar, a ta ukku injin ya rasa ƙarfi. Da na kwance shi sai na ga silinda, wato kaskon da fistan ke kai da komowa cikinshi, ta karce daga ciki. Na ɗaure shi bayan keke na kawo maku.

Na biyu. Babban bakanikenku, wanda suke ce ma Oga Sule, ya ce ku yanzu ba ku gyara, canzawa kuke yi. Na yarda. Wata guda da 'yan kwanaki ina zarya kafin sabuwar silinda ta iso. Ranar da aka ɗaura ta ina tsaye. Alhaji, ko ɗan koyo ya san irin wannan inji ba ya shan zallan fetur, sai an gauraya mashi da baƙin mai, don ba shi da wata hanyar samun maiƙo. Ni da gwangwanin madara nake awo, kuma na zo da gwangwanina da maina a hannu. Na miƙa, Oga Sule ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ba baƙauye ne zai koya mashi inji ba, shi da ya yi kos a birni. Ya zuƙo fetur daga tankin mota ya cika, ya ta da inji, ya danne wuta iyakar ƙarfinta, yana yankan wani kututture don abokan aikinshi su yi kallo. Na yi ihu, na roƙe shi don girman Allah ya kashe. Dariya suka yi. Ko rabin kututturen bai kai ba injin ya yi wata ƙara ya tsaya cik, fistan ya manne da silinda. Sabuwa dal, a gaban idona aka ƙone ta.

Wallahi ko a jikinshi. Ya goge hannu ya ce injin dama ya gaji, in jefar in sayi sabo, ƙasa ta yi kuɗi, wa ke wahala da tsohon ƙarfe yanzu. To, kuɗin fetur ɗin nan da ake ta faɗi a rediyo, ku ya samu. Ku aka ƙara ma albashi, kowa ya sayi babur da agogo. Mu a Mabai labarinshi muke ji.

Na ukku, kuma shi ne abin da ya fi tayar mani da zuciya. Akwai wani mai gyaran babur a Kankara, dattijo ne mai haƙuri da ƙarfe. Ya ce in kawo mashi tsohuwar silindar, tunda karcewa kawai ta yi, zai goge ta ya nemo zoben fistan, ko yaya za ta kai ni ƙarshen aikin masallaci. Na komo garejinku neman ta. Ka san inda na iske ta? Ƙarƙashin bencin da ma'aikatanka ke zaman hira, cike da guntayen taba da tukar goro. Ina tsaye wani ya sunkuya ya tofa a ciki. Tir! Abin da na yi shekaru ina gogewa da tsumma kamar kwanon cin abincina, shi aka mayar wurin zubar da yawu. Na sa hannu zan ɗauka da ƙazantar tata, mai kula da sito ya riƙe ni, wai duk abin da aka cire ya zama kayan gareji, ba ya fita sai da sa hannun Manaja. Tofa yawu a ciki kuwa ba ya bukatar sa hannun kowa.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ka sa hannu a ba ni silindata, ba sai an wanke ba, zan wanke da kaina. Ka sa a ba ni injina yadda yake. Sannan ka kira Oga Sule ka tambaye shi gaban mutane abin da ake zuba ma injin zarto, don kada ya kashe na wani bawan Allah gobe.

Sai dai ka sani, ko yau ka sa hannu, ka makara. Ran Talatar da ta wuce aka yi ruwan farko, masallaci ba rufi. Bangon gabas ya jiƙe ya zube, har da wurin tsayuwar liman. Yanzu a zauren Malam Barau muke salla, rabin sahu a waje. Na so wani ya zage ni in ji sauƙi, ba wanda ya zage ni. Da aka sallame la'asar, tsohon nan ya ɗaga hannu ya ce a yi ma Iro addu'a, ya yi iyakar ƙoƙarinshi. Jama'a suka shafa, ni na kasa ɗaga kaina.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare hanyarka ta Kaduna, ya ba ka ma'aikata masu jin kunya. Allah kuma kada ya nuna maka ranar da za ka yi alkawari gaban mutanen garinku, wani ya karya maka shi yana dariya.

Wassalam.

Iro Maizarto,
Mabai.