Tukunyar da Aziza Ta Tono

Haɗeja, Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanena Safiyanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da aiki. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku a Fatakwal. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi har tana fita unguwa, shinkafar fadama kuma ta yi kyau, in ruwa ya bar mana ita.

Na rubuto ne domin in na kira ka a waya zan faɗi abin da zan yi nadamarsa. Tun ranar Talata da ka hana 'yarka Aziza komawa wurin tono, ba ta ci abincin kirki ba. Ba ta yi maka musu ba, ta ce to, ta shige ɗaki. Shekara huɗu tana hannuna tun rasuwar mahaifiyarta, amma ba ka tambaye ni ba, ka ɗauki maganar Bintu maƙwabciyarmu, wadda ko hanyar wurin ba ta sani ba. Ashe karatun da muka yi tare, kai naka a jaka ka bar shi?

Ga yadda abin yake. Malaman jami'a ne suka zo wani tsohon kufai a kan tudu, ta hanyar Auyo, suna binciken mutanen da suka zauna a can. Suka nemi ɗalibai su taya su a lokacin hutu, ni na sa wa Aziza hannu a takardar izini. Ba kabari suke tonowa ba. Da cokalin magina da buroshi suke bin ƙasa a hankali, su tankaɗe ta da rariya kamar gari, su rubuta zurfin duk tsingaron da suka samu. A rana ta tara Aziza ta ci karo da ƙaramar tukunya, lafiyayya, a kife. Ka san mutanenmu da kifaffiyar tukunya a cikin ƙasa. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa ta tono asiri, har Bintu na cewa tun ranar akuyarta ta daina ba da nono. Akuyar da ta kusa sa'ar Umma!

Gani ya kori ji, don haka na hau babur na je da kaina. Dakta Zarami, shugaban aikin, ya nuna mini abin da ke cikin tukunyar: ƙayar kifi da ƙonannen hatsi. Girkin wata baiwar Allah ne da ta riga mu da ɗaruruwan shekaru. Washegari na kai musu Iya 'Yar'azumi mai ginin tukwane. Ta shafa wuyan tukunyar, ta ce wannan zanen da murɗaɗɗiyar igiya ake yin sa tun yumɓu na ɗanye, haka kakarta take yi, kuma rabon da wani ya tambaye ta wannan har ta manta. Aziza ta durƙusa gabanta tana rubutu, sai da ta cika shafi huɗu.

Na san tsoro ne ya sa ka, uba a nesa komai aka faɗa masa sai ya girma. Amma ruwa yana ƙaruwa, kuma Asabar mai zuwa za su rufe ramin kafin kogi ya yanke hanya. Zan iya kai ta ba da saninka ba, sai dai ba zan koya mata ha'intar mahaifinta ba. Ka kira ta ita, ba ni ba, ka tambaye ta abin da ta gani, ka saurara har ta gama. Bayan nan duk abin da ka yanke za mu bi.

Umma tana sa maka albarka. Ka gaishe mini da matarka Binta da yara, su Ja'afar da Ahmed, Kawu Buba ma yana gaishe ka. Daga yau wayata tana hannun Aziza har zuwa Juma'a.

Yayarka,
Adila