Wainar buɗe shagon Najib

Daga yayanki Abdulmajid, a Koriya.

Hinda, ina gaisuwa. Yaya yara da mutanen Magariya? Ina fatan gero ya shiga rumbu. Ni lafiya lau, barcin rana ne kawai na fara gudu.

Tun a gida na ji wai mutanen nan ba sa buɗe shago sai sun sallami waɗanda ba a gani. Na ɗauka zancen tasha ne. Ashe buɗe sabuwar sana'a suna ce masa "ke'op-hada", ranar kuma akan raba wa maƙwabta wainar shinkafa mai jan wake, wai jan yana korar iskoki. Da ɗana Najib zai buɗe nasa, ya ƙi raba wainar, ya ce, "Baba, mu Musulmi ne." Na goyi bayansa.

To, har yau masu saye sai su zo bakin ƙofa su juya.

Don Allah ki daka gumba ranar Juma'a, ki raba wa yaran unguwa sadaka. Kada uwar Najib ta ji. Maƙwabta a nan sun ce a fitar da wani abu, na yi dariya. Na ƙarshen da ya faɗa mini, jiya ina gyangyaɗi a shagon, yaya Barau ne, Allah ya jiƙansa.