Ni na dafa kyandir, surukata anka kora

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana, in ka bayyana shi ni da kai sai gaban alƙali, don duk Tambuwal babu mai shayin da bai san ni ba. Don Allah ku ba ni shawara, tsoho ne ya yi aikin yara.

Karatuna aji fuɗu ne na firamare, amma a gidana ni ne farfesa, ko rediyo ya yi magana sai na gyara mai. Shekarun baya na yi gadi wurin wasu 'yan Caina masu aikin hanya. Ran wani bikinsu na cikar wata na ga sun tara kyandir cikin gwangwani sun aza bisa wuta, da ya narke ya kama ci sai ɗayansu ya watsa mai ruwa, wuta ta yi tsalle ta fi tsawon mutum. Babbansu ya fito ya wanke su tas da yarensu, amma in ina ba da labarin nan nakan tsallake wannan wurin.

To ran cika-cikin bana, bayan la'asar, matar ɗana ta sauke kaskon suya ta shiga maƙwabta kai abinci. Ɗiyarta mai shekara goma sha ɗaya, wadda nike kira uwargida, da ta ji ina ba da labarin nan sai ta ce tsoho ƙarya kake, ruwa kashe wuta yake yi. Na ce yarinya yau za ki ga sayans. Na kwaso guntayen kyandir na zuba a gwangwanin madara, na aza bisa murhun. Da ya kama ci, ni na miƙa mata kofin ruwan da hannuna, ta watsa. Jama'a wutar ta tashi yadda na faɗa, sai dai narkakken kyandir ɗin a bayan hannunta na dama ya sauka, ya manne. Ni gemu kawai na rasa rabi.

Kafin uwar ta shigo na cilla gwangwanin bayan katanga. Da anka tambayi yarinyar ta dube ni, ta ce man suya ne ya zubo mata. Ban sa ta ba wallahi, amma ban gyara ba. Na ƙara da nawa ilimin, na shafa mata man goge baki na lulluɓe da gashin zomo yadda iyayenmu ke yi. Kwana ukku hannu ya kumbura yana wari, sai asibiti. Sai da sunka kankare gashin nan kaf tana ihu, nas tana tambaya wane mai hankali ne ya yi wannan, ni kuma ina duban silin.

Ɗan nawa zuciya gare shi. Ya ce matarsa sakarya ce, ta bar yarinya da tafasasshen mai, ta tafi gidansu Kebbe sai ya neme ta. Baiwar Allah ta yarda laifinta ne, har ta durƙusa ta roƙe ni gafara kafin ta hau mashin. Yau kwana goma sha biyu. Sau ukku ina kiran ɗana don in faɗa mai, in ya zauna sai in ji bakina yana tambayar ya gona. Yarinyar kuwa ta daina tsokanata, da safe sai ta ce ina kwana Baba, ta wuce, ita da ba ta taɓa kirana Baba ba.

Jiya uban surukata ya bugo waya, dattijo ne da ya girme ni, ya ce ran Juma'a zai taso daga Kebbe da ƙannensa biyu su ba ni haƙuri a mai da ɗiyarsu ɗakinta. Na ce Allah ya kawo ku lafiya.

Jama'a mi zan yi? In faɗa wa ɗana mu biyu kafin Juma'a, ko in bari su zo in faɗa gaban kowa don a wanke ta sarai? Masu zagi ku zaga, na cancanta, amma ku haɗa da shawara, yau Laraba.