Ragar Kurket da Na Kafa a Cikin Takaba

Abban Hanifa,

Assalamu alaikum. Na san wasiƙar nan ba za ta same ka ba. Shekara ashirin ina aikin jarida, ban taɓa rubuta abin da na tabbata ba mai karantawa ba sai yau. Amma kai ka saba fara jin labari a bakina, to ga shi.

Na kafa ragar atisayen wasan kurket ɗin nan. Turakun ƙarfe shida da ka saya, suka shekara uku a jingine a ɗakin ajiya, yanzu suna tsaye a lambun bayan gida. Ni na haƙa ramukan. Ƙasar unguwar nan tamu ta Lewisham laka ce mai danƙo, rami ɗaya sai ya cinye mini wuni. Na kwaɓa siminti a tsohon bahon wanki. Turke na huɗu ya karkace, sai da na tone shi na sake. Ragar da ciyawar roba kuwa oda na yi, aka kawo har ƙofa.

Akwai abin da ya kamata ka sani. Ka tuna ranar da na ce maka na kira council, wato ƙaramar hukuma, sun ce ba a kafa irin wannan a bayan gida? Ban kira kowa ba. Tumatirina da yakuwata nake ji, ba na son a tone su. Ni da nake mayar wa ƙananan ma'aikata labarinsu in bai da majiya biyu, na kawo maka wanda ba shi da ko ɗaya, ka karɓa ba musu. Bayan rasuwarka na kira su da gaske. Matar da ta ɗauki wayar ta ce in dai bai wuce tsayin da aka ƙayyade ba, ba ruwansu. Ko minti biyar ba mu yi ba. Za ka yafe mini?

Tun ranar da aka kai ka, Hanifa ba ta sake taɓa ƙwallo ba sai da ragar nan ta tsaya. Kocinta ya kira sau biyu, domin sunanta yana cikin waɗanda za a gwada a watan gobe, a zaɓi 'yan matan da za su buga wa yanki. Kai ne mai kai ta atisaye. Ni kuma ina takaba, ba na fita sai da lalura. Tunda ba zan kai ta fili ba, sai na kawo mata filin gida.

Ka yi kuskure a zanen da ka yi wa ragar, ranka ya daɗe. Ka auna wurin jifa da wurin duka, ka manta da gudun da mai jifa yake yi kafin ya saki ƙwallo. Lambun bai kai ba. Saboda haka daga ƙofar gaba take tasowa, ta ratsa falo da kicin, ta fito ta ƙofar baya ta saki. Ranar Juma'a Hajiya Turai, matar Yayanka Kabiru, ta zo daga Tottenham da mata uku su ƙara yi mini gaisuwa. Ƙanwata da ke taya ni zama ta zaunar da su, ta tafi kirana. Kafin ta dawo, Hanifa ta wuce ta gabansu a guje. Suka bi bayanta, suka tarar da ni a cikin raga, da hijabi, da sandarka ta dukan ƙwallo a hannu.

Da yamma Yaya Kabiru ya kira. Ya ce mai takaba ba ta wasa, ya ce ana ta magana har Kano, ya ce yarinya mai shekara sha huɗu karatu ya kamace ta. Ya ce ranar Asabar zai zo da mutum biyu su kwance abin. Ban ɗaga masa murya ba.

Wannan karon na bincika. Na karanta, na kuma kira malamin masallacinmu. Abin da aka ɗora mini shi ne in zauna a gidanka, in bar ado da turare, kada in saurari maganar aure. Lambu ba gidanka ba ne? Wane ado ne a hannun da siminti ya tsattsage? Ko so suke in zauna a tabarma ina kallon 'yarka tana dusashewa, don a ce na iya makoki? Makokin da nake yi maka ba su san rabinsa ba.

Ranar Asabar zan durƙusa in gaishe shi kamar yadda na saba. Zan yi masa tuwo da miyar kuka. Zan saurare shi har ya gama. Amma turke ko ɗaya ba zai fita daga ƙasar nan ba, kuma Hanifa za ta je gwajinta. Ta cike takardar shiga da hannunta.

Jiya ta jefo mini wata ƙwallo da ban ma ga wucewarta ba, sai ƙarar sandar tsakiya cikin ukun da nake karewa na ji a bayana. Ta juya ta kalli ƙofar kicin, kamar mai jiran fitowarka. Sai ta ɗauki ƙwallon, ta goge ta a wando, ta koma ƙofar gaba don ta sake tasowa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sada mu da alheri.

Matarka,
Bilkisu