Tarantula Huɗu da Motar Kawu Mietek

Malama Wiesława,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen wata, don a gidanmu kowa ya faɗi tasa, babu wadda ta kwanta mini. Shekarata goma sha bakwai, ina kiwon tarantula, manyan gizo-gizon nan masu gashi, guda huɗu. Kakana ya rasu a lokacin kaka, Mama ta ce ba za a bar mahaifiyarta ita kaɗai a ƙauye ba, don haka za mu saki gidan da muke haya a Białystok mu koma wajenta kusa da Sejny. Ban ƙi ba, ina son Kaka. Sai dai ƙaurar ta faɗo a Janairu, kin kuwa san sanyin can.

Kawu Mietek, yayan Mama, shi zai kwashe kayan a motarsa. Ya ce akwatunan gilashin da tarantular ke ciki su shiga baya tare da katifu da firiji, shi ba zai yi tuƙi a kan ƙanƙara da aljanu a gefensa ba. Bayan motar babu hita mai ɗumama wuri. Da na faɗa masa za su mutu, sai ya ce, "To ki saƙa musu safa mana, ƙafa takwas-takwas, kafin bikin Ista kin gama." Mama ta yi dariya, daga baya ta ce gara in sayar da su kowa ya huta.

Kaka ce kawai ba ta tsoronsu. A waya ta ce mene ne abin wahala a ciki, ita da ta yi shekara arba'in tana ɗauko 'yan tsaki daga kasuwa cikin sanyi? A sa robar ruwan zafi a ƙasan kwando, a shimfiɗa tsumma, a ɗora su a kai, in an iso a ajiye kwandon a kan murhun ɗumama ɗaki su farfaɗo. Har ta wanke kwandon. Ni dai jikina bai ba ni ba, amma na kasa faɗin dalili, ga shi ita kaɗai ce ke bayana.

Sannan ga Kluska. Ita ce babbar cikin huɗun, tun tana kamar farcen ɗan yatsa na same ta, shekara shida ke nan. Tun watan jiya ta daina cin gyare, bayan cikinta ya yi baƙi yana sheƙi, yanzu ta shige rami ta toshe bakinsa da yana. Na san saɓa take shirin yi. Ƙawata Jagoda, wadda ita ma take da tarantula biyu, ta ce in bar mata ita zuwa bazara, gidansu hawa ɗaya ne a ƙasan namu. Na ce a'a. Tun da na same ta ban taɓa kwana a ɗakin da babu Kluska ba, kuma a ƙauyen ban san kowa ba. Na yi tunanin in tono ta da cokali a hankali, in sa ta cikin rigata. Wani lokaci in ga kamar Mama ce ke da gaskiya. Yaya zan yi?

Mai shirin ƙaura, Białystok

'Yata,

Na ji daɗin wasiƙarki, musamman yadda kika lura da Kluska har kika karanci halin da take ciki. Bari mu ɗauki mutanen gidanku ɗaya bayan ɗaya.

Jikinki bai yi miki ƙarya ba game da kwandon Kaka. Dabararta daidai take ga 'yan tsaki, don ɗan tsako ɗumi yake nema, in ya yi masa yawa ya matsa ya yi ta kuka. Tarantula a ƙasarsu zafi daga sama yake zuwa musu, daga rana, saboda haka in ta ji zafi ƙasa take nutsawa. In kika sa robar a ƙarƙashinta, tana gudun zafin tana ƙara shiga cikinsa, kuma ba ta da bakin kuka. Kan murhu ya fi wannan haɗari. Tarantula tana jure ɗan sanyi na wasu awoyi fiye da yadda take jure zafi na ɗan lokaci. Ki yi wa Kaka wannan bayanin kamar yadda na yi miki. Wadda ta yi kiwo shekara arba'in za ta gane nan take.

Kawunki ma ba shi da laifi gaba ɗaya. Direban da hankalinsa ke kan abin da zai iya hawa wuyansa bai dace da hanya mai santsi ba. Abin da yake tsoro shi ne su fito, don haka ki nuna masa ba za su iya ba. Akwatunan gilashin su tafi baya, babu kowa a ciki. Ko da da hita ba a tafiya da tarantula a cikinsu, don birki ɗaya ya isa ya jefo ta daga bango, cikinta kuwa fashewa yake yi kamar ɗanyen ƙwai.

Ukun nan masu lafiya, ki daina ba su abinci mako guda kafin tafiya. Kowace ki samo mata 'yar roba mai murfi wadda ta ɗan fi ta girma kaɗan, ki huda ƙananan ƙofofin iska, ki zagaye cikin da tishu mai ɗan danshi, ba jiƙaƙƙe ba. Ki kora ta ciki da burushi mai laushi, ki rufe sama da tishu, ki manne murfin da salatif. Robobin su shiga akwatin farin soso, irin wanda masu kifi ke zubarwa, ki cusa jarida a tsakani yadda ba abin da zai motsa. Robar Kaka tana da aiki a nan: ruwa mai ɗumi, wanda hannu ke jurewa, a naɗe ta da tawul a jingine a gefe ɗaya, kada ta taɓa kowace roba. Ki sa ma'aunin zafi a ciki, digiri ashirin zuwa ashirin da huɗu ake so. Kwana ɗaya kafin tafiyar ki haɗa akwatin babu su, ki ajiye a baranda na tsawon lokacin da tafiyar za ta ci, ki ga abin da ma'aunin zai nuna. Ranar tafiya a ɗumama motar tukuna, akwatin ya zama na ƙarshen shiga, na farkon fita, a kan cinyarki, nesa da bakin hita. Ki bar Kawu ya duba salatif ɗin da hannunsa.

In kun isa kika ga wata ta lafe ba ta motsi, kada ki yanke hukunci, kada kuma ki kai ta kusa da wuta. Ki bar ta a ɗaki ta ɗumama a hankali. Gidan murhu yakan yi zafi da yamma ya huce kafin safiya, don haka ki tambayi Kaka wane bangon ciki ne ba ya sanyi, nesa da taga.

Saura Kluska, kuma a nan ba zan faɗa miki abin da kike son ji ba. Kada ki tono ta. Ta toshe ramin ne don sabuwar fatar da ke ƙarƙashin tsohuwa ba ta yi ƙwari ba, kuma saɓar na iya kama ta a kowace rana. In ta kama ta a mota, tana kwance a rigingine ana girgiza ta, za ta iya maƙalewa a tsohuwar fatar, daga nan babu abin da ke ko ni za mu iya yi. Cikin riga kuwa danne ta za ki yi. Ki karɓi tayin Jagoda. Ku biyu ku sauko da akwatin gilashinta yadda yake, a hankali, bayan kun cire duk abin da zai iya faɗuwa. In ta yi saɓar, a ba ta aƙalla mako biyu ta yi ƙwari, sannan ki zo ki ɗauke ta a motar haya in sanyi ya sassauta.

Na san ba don ita kaɗai kike son tafiya da ita ba, sabon wuri yana da kaɗaici. Amma Kluska ba za ta san kin tafi ba, ke ce za ki yi kewa, kuma kewar wata biyu abu ne da za ki iya ɗauka. Macen tarantula irin taki tana iya kai shekara ashirin. Mama kuwa, in ta ga kin tsara wannan da kanki, ina zaton maganar sayarwa za ta mutu.

Allah ya kai ku lafiya, ya ba Kaka haƙurin rashin da ta yi. Ki gaishe ta, ki kuma tafi da safa mai kauri don ƙafafunki.

Wiesława