Sunan Surukina a Rajistar Gobara

Malam Mode,

Don Allah ka agaza mini, kwana goma sha biyu sunka rage sufeton gobara ya iso duba mu, ni ko kaina ya ɗaure.

Ni ne shugaban leburori a wani siton auduga nan Bodinga, mutum ashirin da uku ƙarƙashina. Bara anka zaɓe ni, ni kaɗai daga nan har Shagari, anka tura ni Sakkwato kwas na mako biyu wurin 'yan kwana-kwana. Ba yabon kai ba, Malam, na biyu na zo cikin mutum talatin. Takardar shaidata tana jikin bango cikin gilashi. Aikin da sai Bature a da, yau ɗan Bodinga ke yi!

Abin da anka koya mana shi ne doka ta ce kowane ma'aikaci shi san hanyar fita in gobara ta tashi, kuma a gwada, a rubuta. Na dawo na kama aiki. Na hana alwala da ruwan jajayen bokitan kashe wuta, mun sha rigima kan wannan. Na kwashe buhunan da sunka toshe ƙofar baya. Kowace Laraba in busa usur, kowa shi fito gindin tsamiya, in kira sunaye. Da farko dariya sunka riƙa yi, wai na mai da su 'yan firamare. Yanzu minti biyu sito ya zama wayam.

To ga inda ta kwaɓe. Mai awon audugarmu, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, surukina ne, uban matata. Shi ne ma ya nema mini aikin. Kai ka san mu, Malam. Mutumin da ko takalmi ban sakawa gabansa, yaya zan busa mishi usur shi sheƙo a guje? Yaya zan buɗe baki in kira sunansa gaban jama'a? Ko a takardar nan hannuna ya ƙi rubuta shi. Saboda haka duk Laraba in na iso layinsa a rajista sai in yi tari in tsallake. Shi kuma shina zaune bayan sikeli, can ƙuryar sito inda auduga ta fi yawa, kamar bai ji ba. Wata bakwai ke nan.

Bawa akawu ya ce in sa mishi alama a rajista kurum, wa zai sani? In na bar gurbin, manaja ya ce duk wanda bai yi gwajin ba sallama ce. Ƙarya ban iya ba, kuma ban iya shiga gida in dubi ɗiyarsa in na zama sanadin korarsa. Wallahi abin ya dame ni.

Mai Usur, Bodinga

*

Mai Usur,

Madalla da kai. Ƙasar da ta karɓi mulkin kanta irinku take nema, kuma kunyar da kake ji wa surukinka tarbiyya ce, ba zan ce ka yar da ita ba. Shi ma dattijon ina ganin ba taurin kai yake yi ba. Mai yiwuwa zaman da yake yi, sauƙaƙa maka yake, don kada ya tilasta ka kiran sunansa.

Amma shawarar Bawa, kul! Alamar ƙarya za ta gamsar da sufeto, ba za ta fitar da kowa daga hayaƙi ba.

Ga abin yi. Kada ka tunkare shi da kanka. Nemi tsaransa wanda yake jin maganarsa, ya same shi a gida ya faɗa masa komai, har batun sallamar. Na biyu, koma ga abin da aka koya maka: an ce a fita da hanzari cikin natsuwa, ba a ce a yi tsere ba. Dattijo na iya fita da rawaninsa daram. Na uku, miƙa wa Bawa rajistar ya riƙa kira, kai ka tsaya bakin ƙofa kana ƙirga masu fita. Da ma can ne wurin shugaba. Kana da Laraba guda kafin sufeto, kada ka bari ta wuce.

Sai dai in gaya maka abin da ya fi tsaya mini a rai. Wata bakwai kana koya wa mutum ashirin da biyu cewa layi ya cika ba tare da shi ba. Ranar da wuta ta kama da gaske, za su taru gindin tsamiya, kowa ya amsa, hankali ya kwanta, alhali kakan 'ya'yanka yana bayan sikeli. Wannan za ka gyara, ko sufeto ya zo ko bai zo ba.

Allah ya tsare ku da auduga, ya bar zumuncinku.

Malam Mode